Sharar Gini Kuɗi Ce: Yadda Ɓaraguzai Suka Ɗaga Bikin Yayana

Na san da yawanku da kun ga kan maganar nan za ku ce, "Yau kuma me ya haɗa marubuciyar soyayya da siminti da rodi?" To ku yi haƙuri ku biyo ni a sannu, domin ni ma da can haka nake. A littattafaina sau nawa na gina wa jarumi katafaren gida mai hawa biyu a cikin layi uku, ban taɓa tambayar kaina ina aka kai ƙasar da aka haƙo ba. Sai da abin ya faru a gidanmu, ya ɗaga bikin yayana da aminiyata har wata huɗu, sannan na gane cewa tulin tarkacen da muke tsallakewa a ƙofar kango kullum in za mu makaranta, kuɗin wani ne aka zubar, wani lokacin ma har da lafiyar ɗan wani.

Mu 'yan Gyaɗi-Gyaɗi ne, can wajen Court Road, a ƙaramar hukumar Tarauni. Duk wadda ta san yankin nan namu ta san cewa gini ba ya tsayawa. In kin taso daga Gadar Lado kika bi titin Zariya ta gaban asibitin Malam Aminu Kano, ko kika kutsa Darmanawa, Daurawa, Babban Giji har Unguwa Uku, da wuya ki wuce lungu biyu ba ki ga an sauke yashi a bakin hanya ba. Wani yana rushe gidan ƙasa zai yi na bulo, wani yana fasa zaure zai fitar da shago, wani yana ɗora bene a kan gidan gado. Unguwa ta cika, fili ya yi tsada, lungu kuma ya matse, saboda haka duk abin da mai gini ya zubar, a ƙofar maƙwabcinsa yake sauka.

Yayana yana aiki ne a Kaduna. Ya daɗe yana tari har Allah Ya ba shi ikon sayen wani ɗan tsohon gidan ƙasa a bayan layinmu, da niyyar a rushe a yi ɗaki biyu da falo da kicin. Wadda zai aura kuwa ƙawata ce tun muna aji ɗaya a sakandare, ni ce ma 'yar aiken farko. An kai kuɗi, an sa rana watan Agusta na 2024, kowa yana murna.

A farkon shekarar nan ta 2024 ne siminti ya yi tashin gwauron zabo, buhu ɗaya mai kilo 50 ya haura naira dubu 10 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu, aka yi maganar a sayar tsakanin dubu 7 zuwa dubu 8. Yaya da ya ga haka sai tsoro ya kama shi. Ya kwashe kusan duk abin da ke hannunsa ya sayi buhu 60 a lokaci ɗaya, wai kada ya ƙara tashi. Aka jibge su a wani ɗaki na tsohon gidan da ba a rushe ba, a kan dandariyar ƙasa, jingine da bango. Kuɗin leburori kuma ya yanke, aiki ya riƙa tafiya yau a yi gobe a tsaya.

Ranar da ruwa ya tona asiri

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki aka yi wani ruwa da daddare kamar da bakin ƙwarya. Da asuba sai muka ji ana buga mana ƙofa. Wata dattijuwa ce maƙwabciyar kangon, wadda duk layin muke kira Iya, zaninta a jiƙe har gwiwa.

Ta dubi mahaifiyarmu ta ce, "Hajiya, ku zo ku ga abin da ginin ɗanku ya yi mini. Shekarata talatin a gidan nan ruwa bai taɓa shiga ɗakina ba sai yau."

Umma ta yafa mayafi, na bi ta a baya. Wallahi 'yan uwa abin da na gani har yau yana idona. Mai tifa ya juye yashi daidai bakin kwatar layin, leburori kuma sun tara ɓaraguzan tsohon bango da fasassun bulo da yagaggun buhunan siminti a gefensa. Da ruwa ya zo sai ya kwashi yashin ya cusa a kwata, buhunan suka toshe sauran kafar, ruwa ya rasa hanya ya juya gidan Iya. Katifarta, buhun masararta, har da kwallayen da take tara wa jikarta na aure, duk suna iyo a cikin ruwan kwata. Iya ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Da an tambaye ni da na nuna inda ruwa yake bi." Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Muna cikin kwashe ruwa sai autanmu, ɗan shekara bakwai, ya ƙwalla ƙara. Ya taka wani guntun katako da aka ɓare daga linta aka yar da ƙusa a tsaye, ta huda silifas ta shige tafin ƙafarsa. Wata maƙwabciya ta ce a ɗiga kananzir, wani ya ce a daddoki wurin jini ya fita. Allah Ya sa Umma ta ƙi, muka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta muka nufi asibiti. A can ma'aikaciyar jinya ta yi masa allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, ta kuma yi mana bayanin da ban taɓa sani ba. Ashe ba tsatsar ce ke kawo ciwon ba, wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, ƙusa hanya kawai take buɗe mata, kuma tana iya yin kwana 3 har zuwa 21 kafin ta nuna kanta. Ta dube ni ta ce, "Ke ma 'yan mata, kin yi taki? Mace tana buƙatar guda biyar, domin ta kare kanta da jariran da za ta haifa." Ga shi na isar muku da saƙon.

Da yamma Yaya ya iso daga Kaduna. Aka buɗe ɗakin siminti. Buhunan da ke ƙasa da na jikin bango sun sha danshi sun daskare sun zama dutse, guda 11 cif. Ya zauna a kan ɗaya daga ciki ya dafe kai, ya fi minti goma bai ce uffan ba. A daren nan Baba ya aika gidan su amarya cewa a yi haƙuri a ƙara lokaci. Ƙawata ta kira ni tana kuka, wai ko dai Yaya ya canza ra'ayi ne ake ɓoye mata. Na rantse mata na ce, "Wallahi babu wata kishiya sai siminti."

Abin da tsohon magini ya gaya mini

Washegari Baba ya kira wani tsohon magini abokinsa, wanda ya fara sana'a tun zamanin tubali da azara kafin ya koma bulo. Ya zagaya kangon yana taɓa wannan yana ɗaga wancan da sandarsa. Da ya gama sai ya ce da Yaya, "Ɗana, ba a sace maka komai ba. Kayanka duk ga su nan, a ƙasa." Sannan ya tambaya wa ke riƙe da littafin aikin. Aka yi shiru, domin babu wani littafi. Yaya yana turo kuɗi ta waya, ana sayowa, ana zubarwa, shi ke nan.

Na ce, "Baba, ni zan riƙe."

Yaya ya harare ni ya ce, "Ke da lissafi ya kusa kayar da ke a jarrabawar fita?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ƙyale ta. Mace da ta iya auna shinkafar gida ta kai ƙarshen wata, ta iya auna siminti."

Tun daga ranar kullum da safe sai in sa hijabina in ɗauki littafi mai ganye 60 in tafi tare da autanmu yana ɗingishi. A nan tsohon nan ya ba ni tarihin da ba a koya mana a aji ba. Ya ce a ginin Hausa na asali babu wani abu wai shi shara. Ƙasa ake haƙowa a kududdufi, a cuɗa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. In ɗaki ya tsufa ya faɗi, ƙasar nan tasa ake farfasawa a jiƙa a sake kwaɓawa a ta da sabo. Azara kuwa, wato itacen giginya da gara ba ta ci, gadonta ake yi daga kaka zuwa jika. Katsin da aka kwaso daga karofi da makubar ɗorawa su ne abin shafe. Abin da ya rage na toka da shara manoma su ɗora wa jakuna su kai gona. Da irin wannan ƙasa aka gina ganuwar Kano, wadda aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu shekaru wajen 900 da suka wuce, da ita aka gina Gidan Makama da muke zuwa kallo daga makaranta.

Ya ce, "Siminti kuwa, 'yata, sau ɗaya yake rayuwa. In ya sha ruwa ya kama, ko sarki bai isa ya mayar da shi gari ba. Shi ya sa ginin zamani yake son lissafi tun kafin a sayo, ba bayan an zubar ba."

Ya kuma nuna mini wani abu. Kududdufan da aka haƙa don gini su ne suke shanye ruwan damina a Kano. Yanzu an cike da yawansu da bola da ɓaraguzai an yi gini a kai. Mu 'yan Court Road ba sai an ba mu labarin bola ba, mun tashi muna ganinta muna shaƙarta. To ruwan da ya rasa kududdufi, in ya zo kwata ya tarar da yashi, ina zai je in ba ɗakin Iya ba? Ku tuna ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi. Maganar da aka yi ta yi a lokacin ita ce ta toshewar magudanan ruwa da gine-ginen da aka ɗora a kansu.

Abin da littafina ya koya mini

Ga abubuwan da na tsinta, na rubuto muku su yadda za ku iya karanta wa Baba ko Yaya ko wanda ake shirin kai ku gidansa.

Na farko, a auna kafin a saya. Bulo, ko mai inci 9 ko mai inci 6, tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9, kuma kusan guda 10 ne suke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wato kamar mita 3.6, in tsayinsa mita 3 ne, bangonsa huɗu za su ci bulo kamar 430. A cire gurbin ƙofa da taga biyu, kusan bulo 50, saura 380. A ƙara kaɗan saboda fashewa, a ce 400. Wannan lissafin 'yar aji uku ta ƙaramar sakandare za ta yi shi. Amma da babu wanda ya yi, sai aka sayo a ido, aka sauke da jifa, aka riƙa fasa sabon bulo duk lokacin da ake son rabi alhali ga rabi-rabi nan zube.

Na biyu, girman ɗaki ya bi girman kaya. Tayil mai santimita 60 in an jera shida ya ba da mita 3.6. Kin ga ɗakin da aka yi a kan wannan awo zai ci tayil 36 kusan babu yanka. Amma in an ƙara ɗan taƙi ɗaya don son rai, sai an yanka layi guda, ragowar kuma ta tafi bola. Haka rodi: tsawon kowane ɗaya mita 12 ne. In gunduwa mai mita 3 ake so, zai ba da huɗu cif. In mai mita 3 da rabi ce, uku zai bayar ya bar mita ɗaya da rabi. Mai ɗaurin rodi na kirki yakan rubuta duk tsayin da yake buƙata tukuna, ya yanki dogaye, sannan ya fitar da zobba daga ragowar.

Na uku, ajiyar siminti kamar ajiyar garin tuwo ce. Ba a ɗora shi a ƙasa, sai a kan katako. Ba a jingina shi da bango. Kada jeri ya wuce buhu 10 a tsaye, a lulluɓe da tamfol ko leda, kuma wanda ya fara zuwa shi za a fara buɗewa. Ko an kiyaye duk wannan, ƙarfinsa yana raguwa in ya daɗe, shi ya sa ba a son ya wuce wata 3. Arhar da Yaya ya guje wa tsada ya saya, ita ce ta fi komai tsada a ginin nan.

Na huɗu, kwaɓi daidai aiki. Siminti in ya haɗu da ruwa, kafin awa ɗaya ya fara kamawa. Lebura ya kwaɓa buhu biyu ana saura kaɗan a tashi cin abinci, a dawo ya yi tauri, sai a ƙara ruwa a dama, wanda hakan yana kashe ƙarfinsa, ko a kankare a zubar. Mun sa doka: babu sabon kwaɓi in an kusa azahar ko an kusa tashi. Kuma a kan dandamali ake kwaɓawa, ba a kan turɓaya ba. Lokacin filasta kuwa sai a shimfiɗa tsohon kwano ko buhu a gindin bango, abin da ya zubo a kwashe nan take a mayar.

Na biyar, yashi da tsakuwa a yi musu gida. Bulo jeri biyu aka zagaye su da shi, nesa da kwata, aka bar hanyar da baro da mai ɗauke da tulu za su wuce. Kafin mai tifa ya juye, ni da kaina nake zuwa in tsaya in nuna masa wuri. Ranar farko ya ce, "Hajiya ƙarama, ke ce injiniyar?" Na ce, "A'a, ni ce mai biyan kuɗin." Bai ƙara magana ba.

Na shida, a raba tarkace gida-gida tun daga ranar farko: ɓaraguzai gefe, ƙarfe gefe, katako gefe, buhu da leda gefe. In sun cakuɗe shara ne, sai ka biya a kwashe. In an raba su kaya ne, kai za a biya. Kuma duk katakon da aka ɓare, a zare ƙusarsa ko a lanƙwashe ta kafin a ajiye. Wannan dokar autanmu ne ɗan sandanta.

Inda kowane tarkace ya tafi

Fasassun bulo da daskararren simintin nan 11 da ya sa Yaya kuka, leburori suka farfasa su da guduma aka yi cikon ɗakuna da su kafin a zuba daɓe. Da sai mun sayi tifar ciko, mun kuma biya wata tifar ta kwashe ɓaraguzai, kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Amma tsohon magini ya ja kunne: a ciko kawai, ba a cikin kankaren ginshiƙi ko linta ba, kuma kada a haɗa da leda ko katako ko tsumma, domin suna ruɓewa ƙasa ta zauna daɓe ya tsage.

Ƙasar tsohon bango, wani mai gyaran katangarsa ya aiko da baro ya kwashe yana godiya. Azara guda tara da muka ciro lafiya lau, saye aka yi. Guntayen rodi da waya da tsohon kwano muka tara a buhu, 'yan gwangwan suka auna a sikeli suka biya. Katakon linta, da yake an ɓare shi a hankali, sau uku aka yi aiki da shi, ragowar mai ƙosan bakin layi ta saya. Sai dai wanda aka shafa wa fenti ko maganin gara ba mu ba ta ba, domin hayaƙinsa guba ne a kan abinci. Buhunan siminti da aka farke ta baki ba a yaga ciki ba, su ma suna da masu saye. Ban ce a zuba abinci a ciki ba, kuma kada a ƙona su a lungu.

Duk wadda ta taɓa shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako ta Na'ibawa ta san cewa a Kano tsohon ƙarfe da tsohuwar ƙofa da taga ba su rasa mai so. Mun ga haka ƙarara a watan Yunin 2023 lokacin da gwamnatin jiha ta yi rusau a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da wasu wurare, yadda matasa suka yi dafifi suna tonon rodi a cikin ɓaraguzai, har ragowar gini ta rufta wa wasu a Daula aka yi asarar rai. Darasi biyu ne a nan: tarkacen gini dukiya ne, amma tsintarsa ba tare da tsari ba halaka ce. Ku ja kunnen ƙannenku.

Wani abin kuma da ya kamata ku sani, tsofaffin gidaje da yawa suna da silin ko rufin asbestos, wannan farin allo mai kama da siminti. In za a cire shi ba a fasa shi, ba a share ƙurarsa a bushe, sai an jiƙa an ɗauke shi ɗungurungum an rufe hanci, domin ƙurarsa tana maƙalewa a huhu ta jawo mugun ciwo bayan shekaru masu yawa. Haka ramin sokawe da durom ɗin ruwa, a rufe su kullum in an tashi. Sauro yana ƙyanƙyasa a ciki, yara kuma suna faɗawa.

A nan sai na yi muku gargaɗi da babbar murya. Rage ɓarna daban, rage siminti daban. Wanda ya ce zai yi tattali ya buga bulo mai yawa da buhu ɗaya har yana marmashewa a hannu, ko ya rage rodi a ginshiƙi, wannan ba tattali yake ba, kabari yake haƙa. Mutanen Kano ba su manta da benen da ake kan ginawa da ya rufta a titin Beirut ranar 30 ga Agustan 2022 ba. Gini maganar rai ce. Bulo mai kyau da aka yi wa ban ruwa na mako guda ma shi ne ba ya fashewa a wajen saukewa, kun ga inganci shi kansa rage shara ne.

Ba mu kaɗai ba ne

Da na shiga bincike sai na tarar abin ya dami duniya duka. A ƙasashen Tarayyar Turai, sharar gini da rusau ta haura kashi ɗaya cikin uku na duk sharar da suke fitarwa, shi ya sa a 2008 suka sa wa kansu doka cewa zuwa 2020 a riƙa sake amfani da aƙalla kashi 70 cikin 100 nata. Japan ta yi tata dokar a 2000, wadda ta tilasta a raba kankare da katako da kwalta a wurin aiki. Masana kuma sun ce yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, wato duk buhun da ya daskare an ƙona wuta a banza.

Wanda ya fi burge ni shi ne labarin matan Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, birane irin su Balin sun zama kufai. Mata suna cikin waɗanda suka fito suka yi layi suna miƙa bokiti, suna tsintar jan bulo ɗaya bayan ɗaya suna kankare shi da guduma domin a sake gini. Ragowar da ba ta moruwa aka tara ta a bayan gari har ta zama tudu, yau itatuwa sun rufe shi mutane suna hawa shan iska. To in matan can sun iya da birni guda, ke ba za ki iya da ɗaki biyu da falo ba?

Mu ma nan ba a rasa doka ba. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin aikin gine-gine a 2011. A jiha muna da KNUPDA mai ba da izinin gini da kula da tsarin birni, da REMASAB mai kwashe shara da aka kafa a 2003, ga kuma tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Amma tsakani da Allah, babu hukumar da za ta tsaya a kowane lungu na Gyaɗi-Gyaɗi tana gadin kwata. Mai gini da iyalinsa su ne hukumar farko. Tun muna Islamiyya aka koya mana illar almubazzaranci da girman haƙƙin maƙwabci, sai dai ba mu taɓa kawo cewa karatun ya shafi yashi da ƙusa ba.

Yadda aka ƙare

Kuɗin da muka samu na gwangwan da azara da katako da buhu, na ƙulle su a leda na kai wa Yaya da littafina. Ya duba shafi-shafi, ya ɗago ya ce, "Ashe dai kin iya lissafi." Na ce, "Dama malamin ne bai iya tambaya ba." Bai taɓa kuɗin ba. Ya cika da nasa ya sayi sabuwar katifa da buhun masara, muka ɗauka ni da shi da Umma muka kai wa Iya, ya durƙusa har ƙasa ya ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi ɗana, ruwa ya wuce. Allah Ya sa gidan ya zama na zama." Kafin mu fito sai da ta kama hannuna ta kai ni ƙofar gida ta nuna mini inda ruwan layin yake bi tun tana amarya, aka gyara kwatar daidai wurin.

An ɗaura aure a watan Disamba. Ranar kai amarya Iya ce a gaba tana rangaɗa guɗa. Da muka shiga ɗakin, ƙawata tana lulluɓe tana kukan al'ada, na sunkuya na raɗa mata a kunne cewa, "Ki taka a hankali, kishiyarki tana ƙarƙashin tayil ɗin nan, buhu 11." Sai kuka ya koma dariya har gwaggonta ta daka mana tsawa.

'Yar uwa, in ana gini a gidanku ko a layinku, kada ki ce aikin maza ne. Nemi littafi da biro. Rubuta abin da ya shigo, rubuta abin da aka yi aiki da shi, tambayi inda ragowar ta tafi. In kin ga tifa za ta juye yashi a bakin kwata, yi sallama cikin ladabi ki yi magana, ko ki gaya wa babba. In kin ga ƙusa a tsaye, kawar da ita. Watakila ranar aurenki kike matsowa da ita kusa ba ki sani ba.

Ni dai yanzu ina kan sabon littafi, kuma jarumin nawa gini yake yi. Wannan karon sai ya gaya mini inda zai kai ɓaraguzansa kafin in ba shi yarinyar.

Allah Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari masu tattali, Ya ba mu maƙwabta irin Iya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, daga Gyaɗi-Gyaɗi.